Usƙufi, Ƙissisi da Shammasi: Yadda Nasaran Farko Suka Tsara Shugabanci

 

Ɗalibanmu masu karatun Sira sukan ci karo da kalmomin usƙuf, ƙissis da shammas, sai a fassara musu duka da "malamin Nasara" a wuce. Wannan fassara ba ta isa ba, domin muƙamai ne daban-daban. Wanda bai san su ba, ba zai gane da wa Manzon Allah (SAW) ya yi magana ba ranar da wakilan Najran suka zo Madina.

Bayan ɗauke Annabi Isa (AS), jagoranci yana hannun Hawariyawa ne a Ƙudus. Wanda ya fi fice a can shi ne Yaƙub, wanda littattafansu ke kira ɗan'uwan Isa, har aka kashe shi a shekara ta 62 Miladiyya. A zamaninsa aka yi zama wajen shekara ta 49 kan tambaya mai nauyi: wanda ba Bayahude ba, in ya shiga addinin, dole ne a yi masa kaciya ya bi shari'ar Annabi Musa (AS)? Aka tsaya kan cewa ba dole ba ne, ra'ayin da Bulus ke karewa ke nan. Da Rumawa suka rushe Ƙudus a shekara ta 70, sai cibiyar ta raunana, ƙarfi ya koma manyan birane irin su Antakiya, Iskandariyya da Rum.

Lokacin nan babu gine-ginen coci, a gidajen mutane ake taruwa. Dattawa ne ke riƙe da jama'ar kowane gari, su ne ƙissisai. Shammasi kuwa mai hidima ne, yana raba abinci, yana kula da gwagware da marayu. Usƙuf daga kalmar Girkanci "episkopos" ta fito, ma'anarta mai sa ido, ita ce yau ake cewa bishop. Da farko ba a cika bambanta usƙufi da dattijo ba. Sai a farkon ƙarni na 2 Ignatiyus na Antakiya ya dage a wasiƙunsa cewa kowane gari usƙufi ɗaya, dattawa a ƙarƙashinsa, shammasai a ƙasa da su, kuma kada a yi wata ibadar jam'i ba da izininsa ba.

Me ya kawo wannan tsanani? Tsoron rarrabuwa ne, don ƙungiyoyi sun yi yawa, kowacce na cewa ita ke da koyarwar asali. Wajen shekara ta 180 Iraniyus ya jero sunayen usƙufan Rum ɗaya bayan ɗaya har zuwa Hawariyawa, a matsayin hujja. Ɗalibin Hadisi zai ce ai wannan isnadi ne. To, akwai kama, amma mu lura: isnadinmu silsilar ruwaya ce, ana bincika kowane mai ruwaya, nasu kuwa silsilar muƙami ce da ake miƙawa ta ɗora hannu a kai. Shi ya sa a wurinsu wanda ba a naɗa ba ba ya jagorantar babbar ibada, mu kuwa duk wanda ya fi karatu a sahu yana iya shiga gaba.

Da sarki Kustantin ya kawo ƙarshen tsananta musu a 313, sarauta ta shigo ciki. Shi ya kira taron Nikiya a 325, inda aka yi watsi da ra'ayin Ariyus, ƙissisin Iskandariyya mai cewa Isa halitta ne, aka kuma tabbatar da fifikon usƙufan Rum, Iskandariyya da Antakiya. Daga baya aka ƙara Kustantiniyya da Ƙudus, aka riƙa kiran shugabanninsu batarik.

Wannan tsari Musulunci ya tarar. Wakilan Najran shugabanni uku suka jagorance su: Aƙib mai shawara, Sayyid mai kula da tafiya, da Abu Harisa ɗan Alƙama, usƙufinsu, wanda sarakunan Rum suka girmama saboda iliminsa. Haka kuma batarik Safraniyus ne ya miƙa Ƙudus ga Sayyidina Umar (RA), bayan an ba mutanen garin amana kan rayukansu, dukiyoyinsu da coci-cocinsu.