Fai Na Kayan Lambu Mai Falle-Falle

 

Yau za mu gasa ɗan fai wanda ba a rufe bakinsa, ana shirya kayan lambu a kansa. Ba irin fai ɗin naman nan ba ne na kanti mai dunƙulallen kwaɓi. Wannan idan kika gutsura, sai ki ga ya fito falle-falle kamar shafukan littafi. Faransawa ne suka yi suna wajen yin sa.

Ranar da na fara gwada shi na sha kunya. Dangin maigida ne za su zo, na tashi da azahar cikin watan Afrilu na kama kwaɓi. Bota ta narke ta bi fulawa, abin da na sauke ƙanzo ya fi shi taushi. Kuɗin bota ya tafi a banza, baƙi kuwa sai shayi da burodi. A nan na gane cewa sirrin wannan fai sanyi ne.

Ga dalili. Bota tana da ɗan ruwa a cikinta. Idan ta zauna da ƙarfinta tsakanin fallayen kwaɓi, zafin wuta zai mai da ruwan nan tururi, tururin ya ɗaga kowane falle. Amma tana narkewa da zafi ya kai digiri 32 zuwa 35, zafin bazararmu kuwa ya wuce haka. Saboda haka man gyaɗa ko soyayyen man shanu ba za su yi ba. In ba ki da firji, ki bari sai hunturu, ki yi da sassafe. Lokacin ne ma karas da kabeji da tumatir suke araha.

Ki tanadi fulawa giram 250, wato kusan gwangwanin madara uku, bota mai sanyi giram 250, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi babban cokali 8 da ƙwai ɗaya. Sai albasa biyu, karas biyu, kabeji kaɗan, tattasai, tumatir biyu da kori.

Ki tankaɗe fulawa da gishiri. Ki yanka bota ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa mai ɓawo, ki zuba, ki juya da wuƙa don hannu yana da zafi. Ki zuba ruwa ki haɗa kawai, kada ki cuɗa. Ganin gudajin bota kada ya dame ki, haka ake so.

Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza kwaɓin da kwalba ya yi tsawo. Ki ninka shi uku kamar wasiƙa, ki juya bakinsa ya fuskance ki, ki sake murzawa ki ninka. Ki rufe shi ya huta minti 30 a firji, ko a kwano mai murfi bisa ƙanƙara. Sa'an nan ki ƙara ninki biyu, ya sake hutawa. Kowane ninki yana riɓanya fallaye sau uku: 3, 9, 27, 81. Gwanayen Faransa sau shida suke yi, su sami 729. Da kin ji bota ta fara kama hannu, ki tsaya ki mai da shi sanyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin nan ki soya albasa, karas, kabeji da tattasai a mai cokali ɗaya, da gishiri da kori, har ruwansu ya ƙone. Ki bari su huce sarai. Tumatir kuwa ki yanka, ki cire 'ya'yan, ki tsane. Kayan lambu masu ruwa su ne ke sa gindin fai ya yi caɓa-caɓa.

Ki murza kwaɓin ya kai kaurin tsinken ashana biyu, ki yanka murabba'i kamar tafin hannu da wuƙa mai kaifi. Ki ja layi a kewaye, faɗin yatsa daga baki, amma kada wuƙar ta ratsa. Ki tsattsaga tsakiya da cokali mai yatsu, ki zuba kayan lambu, ki shafa ƙwai a saman bakin kaɗai.

Tanda ta yi zafi tukuna, digiri 200. Ki gasa minti 20 zuwa 25, kada ki buɗe kafin minti 15. Wadda ba ta da tandar zamani ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora a gawayi ya yi zafi ƙwarai, ta sa tire bisa duwatsu uku, ta rufe, ta zuba garwashi a murfi.

'Yan makaranta, ku fara da rabin awo ranar Asabar, don kada ku ƙarar wa Mama da bota. Da ɗuminsa ya fi daɗi. A ci lafiya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.