Littattafan Girki da Manhajojin Abinci: Ina Ribar Take?

Yawaitar hawan jini da ciwon sukari a biranenmu ta buɗe wata kasuwa, wato ta sayar wa iyalai ilimin girkin da ba ya cutar da jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Shi littafi sau ɗaya ake sayensa. Manhajar wayar hannu kuwa tana samun kuɗi ne daga talla da abin da mai amfani ke biya duk wata. Harkar tana da tsoka, amma ba ta rasa haɗari ba: kamfanin Under Armour na Amurka ya sayi manhajar MyFitnessPal a 1995 da ashirin, wato 2015, kan dala miliyan 475, ya sayar da ita a 2020 kan miliyan 345.

A Nijeriya cikas ɗin daban ne. Manhajojin waje da giram da kofi suke awo, alhali uwargida da mudu, gwangwani da ludayi take aiki. Ga shi kuma tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake biya da dala ya ƙara tsada. Saboda haka mai son zuba jari gara ya fara ɗaukar masanin abinci ya auna masa abin da ke cikin malmalar tuwon dawa, ludayin miyar kuka da ƙwaryar fura, kafin ya nemi mai haɗa manhaja.