Ƙananan Ƙwari a Furen Tukunya

Ya ku iyaye, musamman 'yan Zumuntar Mata masu ƙawata ɗakin sujada ran Lahadi, yau maganarmu a kan furen wardi ne, ɗan gajeren nan da ake shukawa a tukunya. Sau da yawa za ki taɓa shi, sai ki ga ƙananan ƙwari sun tashi buu. Bayan 'yan kwanaki ganye ya koma rawaya, ya kakkaɓe.

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda muka gāji noman auduga, da wuya a rasa guntun maganin feshi a gida. Shi ne abin da hannu yakan fara kai wa. To, a yi hattara! An yi wannan magani domin gona ne, ba domin tsakar gida ba, inda jariri ke rarrafe, kaji suna kiwo, uwargida tana shanya gari. Yana shiga jiki ta fata da numfashi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kafin magani, a san ƙwaron tukuna. Uku ne suka fi damunmu.

Na fari shi ne farin ƙuda. Bai kai ƙwayar gero ba. Yakan yi ƙwai a bayan ganye, cikin kamar mako 3 na zafi sun zama manya. Yana tsotse ruwan ganye, ya bar wani danƙo wanda yakan yi baƙi kamar kunkunniya. Shi ne kuma ke kai wa tumatir cutar nannaɗewar ganye.

Na biyu, darɓa. Takan taru a kan toho, waɗansu da fiffike, waɗansu babu. Kada a rena ta. Dattawanmu ba su manta da 1975 ba, shekarar da irin darɓar gyaɗa ta yaɗa cutar da ta lalata gonaki wajen hekta 700,000 a Arewa.

Na uku, wani ɗan baƙin ƙuda mai kama da sauro, wanda ke tashi daga ƙasar tukunya. Tsutsarsa tana zama cikin damshi, tana cin ƙananan saiwoyi. Ganinsa alama ce ban ruwa ya yi yawa.

Ga abin yi:

1. A ware tukunyar da ta kamu daga sauran. A tsinke ganyen da ya lalace, a ƙone.

2. Da sassafe a juya ganye, a wanke bayansa da ruwa. Can ne gidan ƙwari.

3. A narka sabulun salo cokalin shayi 1 cikin ruwa lita 1, a yayyafa. Ban da garin sabulun wanki, gama yana ƙona ganye. A fara gwadawa a ganye biyu, a jira kwana ɗaya.

4. A daka busassun 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa cikin ruwa lita 1 su kwana, a tace da ƙyalle. A fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita kowane mako har sau 3, gama ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe. Ko wannan ma a ajiye shi nesa da yara.

5. Launin ruwan ɗorawa yana jawo farin ƙuda. A sami robar wannan launi, a shafa mata mai, a kafa kusa da tukunya. Za su manne.

6. Domin baƙin ƙuda, a huda gindin tukunya, kada kuma a sāke ban ruwa sai saman ƙasar ya bushe.

Wannan dabara ba ta fure kaɗai ba ce. A shekarun nan da rashin tsaro ya sa zuwa gona mai nisa ya yi wuya, barkono da tumatir da aka shuka cikin tsohon bokiti ko buhu suna rufa asirin miya. Ƙwarin nan su ne abokan gābarsu, maganin kuwa ɗaya ne.

A sa yara aikin duba bayan ganye kowace Asabar, idonsu ya fi namu kaifi. Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin fari da Allah ya danƙa wa mutum shi ne lura da gona. Yaron da ya koyi aminci a kan tukunya ɗaya, gobe za a ba shi amanar abin da ya fi ta.