Lissafin Girman Doki da Lokacin Ɗora Masa Sirdi

Abin da ake nufi da lissafin girma shi ne samo ƙa'idar da za ta nuna nauyin dabba a kowane wata na rayuwarta. Masana sun daɗe a kan wannan aiki: Gompertz na Ingila ya fito da wata ƙa'ida a 1825 don lissafin mace-macen mutane, wadda daga baya aka ɗauko don lissafin girma, Brody na Amurka kuma ya fito da tasa a 1945. Ta Brody ce ta fi dacewa da doki, domin dukushi ya fi saurin girma a watanninsa na farko, daga nan saurin ya dinga raguwa.

Majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta buga irin wannan ƙa'ida a 2007:

N = 9.7 + 90.3(1 − e^(−0.0772w))

N shi ne kashi cikin ɗari na cikakken nauyin dokin, w kuwa yawan watanninsa. Idan aka buga lissafin, za a ga dukushi yana da kimanin kashi 10 ranar haihuwa, 43 a wata 6, 64 a wata 12, sannan 86 a wata 24. Amma tsawo ba ya bin wannan layi, gama dukushi ɗan shekara ɗaya ya riga ya kai wajen kashi 90 na tsawonsa. To, nan ne ido kan ruɗi mai doki. Ya ga dabba ta miƙe, sallah kuma ta ƙarato, sai ya ɗora mata sirdi da ƙaton mutum don hawan Sarkin Gwandu ko na Sarkin Kabi, alhali ƙashin bayanta ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 5 ko 6.

Sai dai a lura, lambar nan 0.0772 daga dawakin Turawa aka samo ta, waɗanda abincinsu ba ya yankewa. A kwarin Rima ba haka abin yake ba. Da damina ciyawa ta wadata, bayan girbi akwai harawa da dusa, amma daga bazara zuwa faɗuwar ruwa sai ɗan abin da fadama ta rage. Saboda haka dukushin da ke kiwo a nan girmansa hawa-hawa ne: ya tsaya cik, sannan ya zabura ya cike giɓin. A ganina ƙa'idar ba za ta yi mana cikakken amfani ba sai an auna dawakinmu, musamman na Arewa, wata bayan wata, an fitar musu da tasu lambar, kuma an rubuta watan da aka haifi kowane dukushi, tun da haifaffen damina da haifaffen bazara ba daga wuri ɗaya suke tashi ba.