Takardar tarar hanya: Abin da doka ta tanadar wa direba a Abuja

Da ƙarfe bakwai na safiyar ranar aiki, babu mai gaggawa kamar ma'aikacin gwamnatin da ya taso daga Mararaba, ga cunkoso tun daga Nyanya har gadar AYA, shi kuwa yana son ya isa Sakatariyar Tarayya kafin a ɗauke rajista. Idan jami'in hanya ya ɗaga masa hannu a wannan lokaci, abu biyu kan zo masa a rai: ya shiga cacar baki yana nuna katin ofis, ko ya laluba aljihu a kashe magana. Kowanne daga cikinsu na iya jefa shi cikin laifin da ya fi na farko nauyi, alhali doka ta tanadar masa wata hanya da yawancin direbobi ba su san da ita ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokar 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. Jadawalin da ke cikin dokar ya yanka wa kowane laifi tara: naira 2,000 kan rashin ɗaura bel, naira 4,000 kan amfani da waya ana tuƙi, naira 10,000 kan matsalar lasin, naira 50,000 kan tuƙin ganganci. Yunƙurin bai wa jami'i na goro laifi ne mai zaman kansa a jadawalin, haka ma cin zarafinsa a bakin aiki. Wanda aka tsayar saboda bel, ya miƙa kuɗi don a sallame shi, ya sayo wa kansa tuhuma ta biyu.

Takardar da jami'i ke rubutawa sanarwa ce ta zargi. Tana ba direba zaɓi biyu: ya biya tarar ya huta da shari'a, ko ya ƙi biya a gurfanar da shi gaban alƙali. Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fassara lamarin a shari'ar lauya Moses Ediru da FRSC, inda ta ce tsarin bai tauye wa kowa haƙƙin a saurare shi ba, tun da ƙofar kotu a buɗe take ga wanda bai yarda da zargin ba. Ke nan wanda ya garzaya ya biya ta Remita don ya karɓi takardunsa, shi da kansa ya zaɓi barin shari'a, kuma zai yi masa wuya ya dawo daga baya yana cewa an zalunce shi. Mai niyyar kare kansa sai ya yanke shawara kafin biya.

Game da jami'an duba ababen hawa da aka fi sani da VIO kuwa, labari ya sha bamban a Babban Birnin Tarayya. Bayan da suka kama motar lauya mai kare haƙƙin ɗan'adam, Abubakar Marshal, a 2023, ya maka hukumarsu a kotu. Ranar 2 ga Oktoban 2024, Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa babu dokar da ta ba su ikon tsayar da mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin tarar direba. Ta ce yin hakan ya saɓa wa 'yancin zirga-zirga da haƙƙin a ɗauki mutum a matsayin marar laifi har sai kotu ta same shi da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Disambar 2025.

Sai dai direbobi da dama sun yi wa hukuncin gurguwar fahimta. Ya shafi hukumar VIO ce ta Abuja, bai taɓa ikon FRSC ko na 'yan sanda ba, bai kuma soke wajibcin sabunta lasin da takardun mota da inshora ba. Wanda takardunsa suka ƙare, ya dogara da wannan hukunci a gaban jami'in FRSC, ya jingina da bangon da ba nasa ba.

Galibin ƙananan laifuffukan hanya a kotun tafi-da-gidanka ake sauraron su, inda majistare ke zama kusa da wurin da aka yi kame. Saurin da ake yi a nan kan sa mutane amsa laifi tun ba su gama jin tuhumar ba. Amma kotu ce kamar kowace, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 na aiki a cikinta. Wanda ake tuhuma na da haƙƙin a bayyana masa laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta idan yana buƙata, a ba shi isasshen lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, ya kuma yi wa jami'in da ya kama shi tambayoyi. Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara. Idan aka ce gudu ya wuce ƙima, direba na iya tambayar na'urar da ta auna da abin da ta nuna. Idan aka ce ya bi hannun da aka hana, yana iya tambaya ko akwai allon da ya nuna hanin. Wanda bai gamsu da hukuncin majistare ba, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Birnin Tarayya.

Kariya tana farawa ne tun daga bakin titi, da natsuwa. Direba ya tsaya inda aka nuna masa, ya duba sunan jami'in a ƙirjin kakinsa, ya riƙe lokaci da wuri, ya ɗauki hoton inda motarsa take da alamomin hanya, ya karɓi lambar wayar wanda ya shaida abin da ya faru. Ya karanta takardar ya ga ko laifin da aka rubuta shi ne wanda aka faɗa masa da baki, ya kuma adana kwafinsa. Idan ya zaɓi biya, ya biya ta asusun gwamnati ya riƙe rasit, domin kuɗin da aka damƙa wa mutum hannu da hannu ba su da shaida a ko'ina. Wanda aka riƙe wa mota ba bisa ƙa'ida ba na iya shigar da ƙarar neman haƙƙinsa a babbar kotu, ko ya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Ga ma'aikacin tarayya, akwai abin da ya fi tara muhimmanci. Dokokin aikin gwamnati sun sanya samun mutum da laifi a kotu cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora, sai dai sun cire ƙananan laifuffukan hanya daga ciki. Rashin ɗaura bel ba zai taɓa aikin kowa ba. Tuƙin ganganci kuwa, dokar FRSC ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu a kansa, idan kuma ya jawo asarar rai, har shekara bakwai. Duk wanda aka karanta wa irin wannan tuhuma, kada ya amsa ta don kawai a sallame shi ya koma ofis, sai ya nemi a ɗage zaman har ya ga lauya.

Wannan ya fi shafar direbobin ma'aikatu da hadiman manyan jami'ai, waɗanda kan taka mota saboda maigida ya makara zuwa taro. Lambar gwamnati ba ta wanke direba a gaban alƙali. Sunan da za a rubuta a takardar tuhuma na wanda ke riƙe da sitiyari ne, kuma shi zai tsaya ya amsa, ko da umurnin daga kujerar baya ya fito.