Zauren Mai Unguwa da Alƙalamin Gwamna

Duk wanda ya taɓa sayen fili ko gida a Darmanawa ya san ciniki ba ya faɗawa sai an je gaban mai unguwa. Dillali ya gama zuba, an yi sallama, an ƙirga kuɗi, amma hankalin mai saye ba ya kwanciya sai dattijon ya tara maƙwabta a bakin iyaka, ya ce katangar nan ta wane ce, kwatar nan kuwa tun zamanin mahaifinsa ta nan take bi. Sannan ya sa hannu a takarda. Kundin tsarin mulkin 1999 bai san da zaman wannan mutum ba, bai ware masa aiki ko ɗaya ba. Amma a ƙaramar hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 220,000, rigimar haya da ta gado da ta ma'aurata da ke mutuwa a zaurensa, da duka za a kwasa zuwa kotu, da alƙalai sun rasa lokacin cin abinci.

A nan hujjar masu ra'ayin mazan jiya take, kuma ina tare da su. Tsarin da ya daɗe yana ɗauke da sanin da babu wanda ya rubuta shi, wanda kuma ya rushe shi cikin gaggawa ba ya sanin abin da ya zubar sai buƙata ta taso. Edmund Burke na Birtaniya ya kafa irin wannan hujja a 1790, yana kallon juyin juya halin Faransa. Mu ba sai mun je nesa ba.

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ake yi wa maganin, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Gwamnati ta janye dakatarwar a 2004, sai dai amincewar iyaye ba a dawo da ita da sanarwar rediyo. Sai da aka koma ta tsohuwar hanya: sarki ya umarci hakimi, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Matar da ke yawo gida-gida da akwatin ƙanƙara a rataye, tana ɗiga wa yaro magani, tana shafa masa tawada a farce, tana rubutu da alli a bangon gida, idan maigida ya hana ta shiga, mai unguwa ake ɗaukowa. Shi ya raɗa wa ɗan maigidan suna ko ya halarci ɗaurin aurensa, don haka da wuya a ce masa a'a. Tun 2014 ba a sake samun asalin ƙwayar cutar a Kano ba, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita.

Na san abin da jikokin jam'iyyar NEPU za su ce, kuma suna da gaskiya babba. Jagoranta Malam Aminu Kano, wanda asibitin koyarwa na Gyadi-Gyadi ke ɗauke da sunansa, bai yi faɗa da iska ba. An yi aikin tilas, an ci zalin talaka wajen karɓar haraji da jangali, an ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e. Amma dubi yadda gyaran da ya ɗore ya zo. Kafin Sardauna Ahmadu Bello ya taɓa dokar laifuka, sai da ya tara masana shari'a a 1958, har da na Sudan da Pakistan, aka yi ta tuntuɓar sarakuna da malamai, dokar ta fara aiki a 1960. Har yau tana raye a kotunanmu.

Kwatanta wannan da abin da aka yi wa masarautar Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ƙirƙiro sababbin sarakuna, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki, ya tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020. Ranar 23 ga Mayu 2024 majalisar dokokin jihar ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, ya mayar da Sanusi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, ba na nan don zaɓar sarki. Abin da ke ci mini rai shi ne, a 2019 da 2024 duka ba a zauna an ji bakin hakimai da dagatai da malamai yadda ya kamata ba. Sakamakon kowa ya gani: sarki a Gidan Rumfa, wani a gidan Nasarawa, shari'a ta yi ta jan ƙafa, 'yan sanda suka hana hawan Sallah a 2024, shekarar da UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya abin adanawa.

Kwarjinin mai unguwar Darmanawa daga sama yake gangarowa. Idan yaran unguwa suka ga rawanin sarki ma yana sauyawa da sauyin gwamna, ranar da dattijon zai ce a mayar da wuƙa kube ba lallai a saurare shi ba. Shi ya sa nake roƙon ɗan majalisar da Tarauni ta tura: duk dokar da za ta taɓa masarauta, ya tsaya kai da fata a ba ta watanni, a kai ta gaban jama'a a kowace gunduma, kada a kaɗa mata ƙuri'a sai an ji daga masu unguwanni.