Takin da Ke Ɓoye a Saiwar Wake

Manoma da iyaye mata na Bande, idan damina ta yi nisa kuma wake ya fara fure, ku tona tushe ɗaya a hankali, ku wanke saiwarsa. Za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ba cuta ba ce. Gidaje ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira rizobiyom.

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin azot ne, wato wanda ake sayen takin ure dominsa. Gero da dawa ba sa iya cin moriyarsa daga iska. Rizobiyom kuwa suna kama shi su mai da shi abincin shuka, ita kuma shukar ta ciyar da su da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Wake da gyaɗa da waken suya duk suna da wannan baiwa. Gawo ma, wanda ya cika gonakin Magariya da Dungas, yana da ita. Ga shi yana zubar da ganye da damina, shi ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Ku fasa ƙulli ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, ko dai bai fara ba, ko ya daina.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin fosfor, kuma in babu shi ƙullin ba ya yawa. Saboda haka ku zuba takin dabbobi ko ɗan takin zamani mai fosfor a gurbin shuka. Lokacin cire harawa ku yanke ta, ku bar saiwa a ƙasa. Kada ku ƙone ragowar kara. Inda wake ya zauna bana, ku sa gero baɗi.

Akwai kuma rizobiyom na leda da ake cuɗa iri da shi, kamar Nodumax na cibiyar IITA ta Ibadan, wanda aka yi domin waken suya. Kowane amfanin gona da nasa. A cuɗa a inuwa, a shuka a ranar, domin zafin rana na kashe su.

Me ya haɗa wannan da tamowa? Da azot jiki da shuka ke ƙera sinadarin gina jiki, kuma wanda ke cikin wake ya ninka na gero kusan sau biyu. Daga wata 6, tare da ci gaba da shayarwa, ku haɗa garin wake da gyaɗa a kunun yaro. Kafin a kai wake kasuwa, a fara ware na gida.